Zabin Ƙaurar Marina

Tun ranar da aka ciro ni daga ramin nan ban sake taka ƙasa da gaba gaɗi ba. Ko tsakar gidanmu zan ratsa sai in riƙa ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tafiya kan rufin soro da damina. Mama ta ce in yawaita addu'a, ina kuwa yi. Malama Hadiza, wadda nake aiki a ƙarƙashinta, ta ce in zauna in rubuta yadda abin ya faru tun daga farkonsa, ko hankalina ya kwanta. Da na zauna na duba, sai na ga farkon yana can baya, a bakin wutar Inno.

Inno kakata ce ta wajen uba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Gidanmu yana nan Ƙaura, can wajen tashar jirgi, ɗakinta kuwa shi ne na ƙurya, kusa da rumbu. Idan an gama kaka sanyi ya sauka, da an idar da sallar isha'i sai ta fito da tabarmarta, ta tara karan dawa da ɗan guntun itace ta hura wuta. Ba ta kiran kowa. Hayaƙin ne ke kiranmu. Kafin wutar ta kama sosai mun kewaye ta, mu na gida da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya ja riga ya rufe gwiwa. Takan tura gyaɗa da dankali cikin toka, ta ce ba wanda zai taɓa sai gatana ta ƙare, don ta san idan bakinmu ya samu aiki kunnenmu ya tafi.

Shekarar da aka ba mu jiha, maza ba su da hira sai ta Gusau. A zaure rediyo ke ta magana, Baba da ƙanensa Baba Sani suna gardamar wa za a ba wane muƙami, wace hanya za a fara yi wa kwalta. Mu dai jiharmu ita ce tabarmar Inno. Takan miƙe ƙafafunta wajen wuta, ta gyara ɗankwali, ta ce, "To, ga ta ta iso ƙohwa." Mu ce, "A buɗe mata ta shigo." Wani dare Gizo ne, wani dare kura. Amma wadda muka fi roƙo, wadda kuma ta fi jan rai kafin ta ba mu, ita ce ta zabuwa.

Wai a zamanin da, zabuwa fara ce fat, ba ɗigo ko ɗaya a jikinta. Sallah ta matso, tsuntsaye kowa ya yi sabon kaya, ita kaɗai ba ta da abin fita. Sai ta tashi ta nufi wani gari a bakin gulbi da ake kira Ƙaurar Marina, inda kowane gida ke da karofinsa, wato ramin rini. Ta sami wani tsohon marini ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce a rina ta. Tsoho ya ce rini ba a yi masa gaggawa. Ya ɗauko zare ya zauna yana ƙulle gashinta ɗaya bayan ɗaya, ƙananan ƙulli, don inda aka ƙulle shuni ba ya shiga. A nan Inno takan kamo gashin wadda ta fi kusa da ita ta riƙa ƙullewa, yarinya na ihu muna dariya.

Zabuwa kuwa sai mita take. "Baba, ba a gama ba? Baba, rana tana yi." Da ya gama ƙulli ya kama ta ta kai ya tsoma cikin karofi, ya ciro ta sha iska, ya sake tsomawa. Jiki ya yi baƙi har yana sheƙi. Saura kai. Ya juya ta ke nan zai tsoma kan, sai aka ji kururuwa daga gabas: gulbi ya ɓalle, ruwa ya taho. Tsoho ya ajiye ta a bakin rami ya ce, "Jira ni nan, in kai iyali tudu in komo." Mutanen gari suka rufe karofinsu da itace, suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka tafi. Zabuwa ta hau kan tulin toka ta jira. Da ta gaji ta sa baki ta kwance ƙullin da kanta, sai ga fararen ɗigo ko'ina, kai kuwa ya tsaya fari ƙwal yadda yake.

"Shi ya sa har yau," in ji Inno, tana karkata kai gefe kamar zabuwar, "kullum da sahe suna nan bakin karohi suna kira. Ba ku ji abin da suka cewa? A ƙarasa, a ƙarasa, a ƙarasa."

Mu duka sai mu ɗauka, muna tsalle a tsugune muna a ƙarasa, har Mama ta leƙo ta ce za mu tashi jariri. Daga nan a tone gyaɗa. Idan aka tambaye mu abin da gatanar ta koya mana, mukan ce haƙuri, don da zabuwa ba ta cika mita ba da tsoho ya gama mata rini tun ruwa bai zo ba. Inno ba ta taɓa cewa haka ne ba, ba ta kuma taɓa cewa ba haka ba ne.

Abin da take cewa, tana ɓare gyaɗa, shi ne, "Wanga gari da kuka ji, can aka haihe ni."

Yayana Bashir, wanda take kira angonta, shi ne mai tsokanarta. "Inno, ashe cikin gatana aka haife ki? Ke da Gizo unguwarku ɗaya?"

"Unguwarmu ɗaya, kuma ya hi ka kyawo. Da shi na aura da ban zauna da miji mai kunnuwa awa faifai ba."

"To ki kai mu garin mu gani."

"In ka sai mota."

Dariya ake yi, ita ma tana yi. Sai da na girma na lura cewa bayan dariyar takan daɗe tana tona toka da kara, ko da ba sauran gyaɗa a ciki. A garin nan kowace tsohuwa tana da inda take cewa can ne tushenta, wata Zurmi, wata Jangeru, wata Ɗan Isa, kuma idan an yi rasuwa ko suna a can za a zo a ɗauke ta. Inno kaɗai ce garinta ba ya aiko da goro. Tana ƙarama ƙwarai aka fito da ita, gwaggonta ce ta goyo ta, kuma duk waɗanda suka fito tare sun warwatsu sun mutu. Har 'ya'yan cikinta sun ɗauka ƙuruciya ce ta haɗa mata wani ƙauye da gatana.

Na tafi makarantar kwana, na gama sakandare a shekarar da aka fara aiki da shari'a. Ina zaune gida ina jiran sakamako sai aka ce an turo mutane daga Gusau suna bin ƙauyuka suna rubuta tsofaffin garuruwa, da ganuwa, da kufai, don sabuwar jiha ta san abin da ta gada. Maza suka yi ta zama da dattawa a ƙofar hakimai. Amma rabin labarin yana cikin gidaje wurin tsofaffin mata, kuma maza ba za su shiga ba. Sai aka nemi 'yan mata masu ɗan karatu su riƙa shiga suna tambaya, aka haɗa mu da Malama Hadiza, wata malamar tarihi mai fara'a da son goro. Baba ya amince don ya san gidansu.

Ranar farko ta ce kowace ta fara da tsohuwar gidansu. Na zauna gaban Inno da biro, ina jin kunya kamar baƙuwa.

"Takwara, yau ke ce alƙali? To rubuta. Ƙaurar Marina."

"Inno, na gaskiya ake so."

Ta dube ni, ba fushi, ta ce, "Uwata tana can kwance. Kwana kaɗan kahin ruwa aka rufe ta. Gatana tana da kabari?"

Ban taɓa jin wannan ba. Na rubuta. Da na kai wa Malama Hadiza na fara ba ta haƙuri, sai ta ce in bar haƙurin, ai ta taɓa jin wani tsohon maɗinki a Shinkafi yana yabon baƙin rini na wani gari da ruwa ya ci, bai dai riƙe sunan ba. Ta kai maganar gaba. Abokan aikinta maza suka bi bakin gulbi wajen Gurbin Bore suna duba kukoki da alamar ganuwa, yadda aka saba gane kufai. Suka dawo ba su ga komai ba. Aka ce idan an rufe aikin yankin Zurmi a ƙarshen wata, sunan da ba a ga wurinsa ba ba zai shiga ba.

Inno ta ce a kai ta. Baba ya ce ƙafarta ba za ta iya ba, ta ce ai ba da ƙafa za ta tafi ba. Bashir, wanda yanzu yake jan motar haya tsakanin Ƙaura da Zurmi, ya shigo ana cikin maganar, sai ta nuna shi da sanda. "Ga wanda yay yi alkawali. Mota dai ta samu, ko ba taka ba ce."

"Amarya, ni na ce ki kai mu, ke kika ce in sayi mota."

"To ka saya, ko ka ara, duk ɗaya. Tashi."

Rabon da in ga Inno cikin irin wannan nishaɗi tun ina firamare. Muka zauna baya mu mata, ni da ita da Malama Hadiza, Baba Sani a gaba, Inno tana ta yi wa Bashir faɗan gudu, idan ya rage kuma ta ce jaki ya fi shi. A Gurbin Bore muka sauka gidan wani abokin Baba Sani, ya ba mu amalanken shanu, aka shimfiɗa mata katifa a kai kamar mai zuwa biki. Muka bi bakin gulbi. Tana duba hagu tana duba dama, bakinta yana motsi. Tun tana cewa a ƙara gaba har ta daina cewa komai. Da rana ta take sai ta ce a tsaya, muka sauka ƙarƙashin wata tsamiya.

"Ba haka gulbin yake ba," in ji ta. "Ko ni ce na mance."

Baba Sani ya ce a hankali, "Inna, ki yi mata addu'a daga nan, ai tana isa ko'ina." Ta ce ta sani, tun yaushe take yi. Ta juya fuska.

Muna nan sai ga wata Bafulatana ta taho da ƙwaryar nono a ka. Malama Hadiza ta tsayar da ita muka sayi fura, hira ta ɓarke. Ni dai don in sa Inno dariya na ce, "Inno, da zabin nan za su yi mana kira da mun huta." Matar ta ce in zabi muke nema ai ba nan suke ba, suna can Tudun Zabi. Wani ɗan tudu ne cikin daji, nesa da ruwa, bayan wani busasshen kwari da yashi ya cike. Ta ce zabin daji ba sa rabuwa da wurin, don ƙasarsa laushi gare ta kamar toka, suna son birgima a ciki. Su dai ba sa kai shanu can, kakanninsu sun hana, wai ƙasar tana cin ƙafar saniya.

Malama Hadiza ta daina tauna goro. Ta ce, "Kwarin nan, ruwa ya taɓa bi ta cikinsa?" Matar ta ce tsofaffi sun ce da can shi ne gulbin, kafin ya sauya hanya.

Ashe duk bakin sabon gulbi muke ta bi, mu da mazan Gusau da Inno kanta.

Shanu suka sha wuya a yashin kwarin, har sai da Bashir da Baba Sani suka sauka suna turawa, Inno na sama tana ba su umarni. Da muka haura sai muka ji su tun ba mu gan su ba. Garke guda, sun fi ƙarfin ƙirga, suka watse cikin sabara suna kuka. Na san kukan zabi tun ina jaririya, amma ranar sai da tsigar jikina ta tashi. Inno ta kama hannun Malama Hadiza tana dariya, hawaye na zuba. Ko'ina ga baba, ganyen da ake rini da shi, ya fito da kansa ba wanda ya shuka.

Murna ce ta ɗebe ni. Na tattare hijabi na ruga wajen tudun ina kiran Malama ta zo ta ga tokar. Na ji Bafulatanar, wadda ta biyo mu, tana cewa wani abu a bayana, ban tsaya ji ba. Taku na gaba ƙasa ta buɗe.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Ƙara na ji kamar an karya kara, sai duhu, sai ƙasa a bakina da idona. Na faɗa kan wani abu mai laushi har gwiwa. Ramin ƙunci gare shi, kafaɗuna suna taɓa bango ta kowane gefe, sama kuwa ɗan haske ne kamar bakin tulu. Na buɗe baki in yi salati, murya ta ƙi fita. Wani abu mai sanyi ya bi ta kan ƙafata ya wuce. Har yau ban san ko mene ne ba, Bashir ya ce ƙadangare ne, amma ai ba shi ne a ciki ba. Na riƙa yaƙushin bango ina neman abin kamawa, bangon sumul kamar an shafe shi jiya. Ƙasa tana ta zubo mini a ka, na tabbata rufe ni za ta yi.

Muryar Inno na fara ji, ba ta Baba Sani ba. "Takwara, kada ki motsa. Rami ne na mutane, yana da ƙarshe. Ki ce Allah."

Na ce Allah. Aka kwance igiyar shanu aka zuro, na ɗaura a ƙugu yadda Baba Sani ya riƙa gaya mini, suka ja. Da na fito na kwanta a ƙasa ina kuka, na kuma ƙi yarda da ƙasar da nake kwance a kai. Ba abin da ya karye, gwiwa ce kawai da gwiwar hannu suka kuje.

Inno ta sa aka sauko da ita daga amalanke. Ta zauna kusa da ni ta tofa mini addu'a, ta shafa kaina har numfashina ya dawo. Sannan ta ɗago hannuna ta juya shi. Ƙarƙashin farcena duk ya cika da wani abu baƙi mai shuɗi-shuɗi. Ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka.

"Angona," ta ce, ba ta ko dubi Bashir ba, "zo ka ga unguwar su Gizo."

Bashir ya durƙusa ya duba. Sai ya cire hularsa ya sake sawa.

Baba Sani ya sari doguwar sanda ya riƙa bugun ƙasa kafin kowane taku, inda ta yi amo kamar ganga ya kafa kara. Kafin la'asar karare sun yi layi a gefen tudun. Itacen da aka rufe ramukan da shi ya ruɓe, ƙasa da ciyawa ne kawai suka riƙe. Malama Hadiza tana bin sawunsa tana zana wurin a takarda, tana ta cewa ikon Allah. Ta tambayi Inno ina maƙabarta take. Inno ta duba gabas ta duba yamma ta ce ba ta sani ba, goye take a lokacin. Ta dai fuskanci alƙibla daga inda take zaune ta ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga. Ta kira sunan mahaifiyarta, sunan da ko Baba Sani bai taɓa ji ba, ta roƙa mata gafara ita da duk wanda ke kwance a wurin. Da ta shafa sai ta ce tana jin yunwa, a ba ta sauran furar.

A hanyar dawowa, kaina yana kan cinyarta, na tambaye ta wa ya ba ta gatanar zabuwa. Ta ce gwaggonta ce, a kan hanya, ranar da suka fito. Wai ta yi ta kuka tana cewa an bar innarta ita kaɗai, ba mai taya ta zama. Sai gwaggon ta ce wa ya ce ita kaɗai ce, ai zabuwa tana nan tana jiran a ƙarasa mata rini, ba inda za ta. Tun daga nan kullum sai ta sa an maimaita mata kafin ta yi barci.

Na yi shekaru ina ɗauka gatanar haƙuri take koya mana. Wataƙila tana koyarwa. Amma yanzu idan na tuna ta, wata mata nake gani da ban taɓa sani ba, ruwa a bayanta, kaya a kanta, 'yar marainiya a goye tana kuka, ita kuma ba ta da abin ba ta sai abin da ta ƙaga nan take daga tsuntsun da ta gani a bakin hanya. Ba ta yi niyyar ajiye wa kowa tarihi ba. Rarrashi take yi. Sai ga shi duk abin da ta sa a ciki gaskiya ne, ramukan da itacen da tulin tokar, har da tsuntsayen. Mu kuwa muka yi ta cin gyaɗa a kansa muna dariya, kuma ban ga laifin dariyar ba, don ba don daɗinta ba da ba mu riƙe ba.

An sa Ƙaurar Marina cikin jerin. Inno ta sa an karanta mata sunan har sau nawa, ta kuma aika a gaya wa tsofaffin unguwa cewa duk mai son ganin garinsu ya nemi angonta ya kai shi. Mako mai zuwa masu awo da mai ɗaukar hoto za su je, kuma Malama Hadiza ta ce tana so in bi su, don ni na san inda kararen suka fara. Na ce mata zan yi shawara. Jiya da daddare na gaya wa Inno ba na jin zan iya, ƙafata ba ta yarda da wurin ba.

Ta ce, "Ni ma da ni ce ba ni yarda." Ta laluba bayan ƙofa ta jawo sandarta ta ɗora mini a cinya. "Ki buga ki saurara, sannan ki taka. In kin isa ki gaishe min da inna, ki ce mata ke ce mai sunana."

Na aika wa Malama Hadiza cewa a ajiye mini wuri a mota.